Majanyin Ladi

Jos, daren Laraba, daminar 1978

Yau Ladi ta tafi makaranta ba a bayana ba. Shekara uku ke nan ina goya 'yar nan, tun da shan inna ya kama ƙafafunta. Kawunta ne ya haɗa mata keken hannu da tsofaffin tayoyi daga kasuwar Taminus da kujerar da nake tuƙa tuwo a kai.

Da safe na ɗauko majanyi, na durƙusa kamar kullum. Ta yi dariya. "Mama, tashi. Ƙofa kawai za ki buɗe mini."

Na tsaya ina kallonta tana gangarawa cikin yayyafi kamar a mafarki, ko waiwaye babu.

Wallahi na yi murna. Amma ga ni kwance da majanyin a hannu, bayana sai sanyi yake ji.