Layin da Babu a Fom ɗin Ramla

Diffa, 9 ga Satumba

Yaya Falmata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara. Ina gajiyar Damagaram?

Kin tambayi labarin aiki, to ga shi. Kin san shekara shida ke nan ina gwajin manhajar nan da ke aika wa manoman tattasai saƙo idan kogin Komadugu zai cika. Duk kuskuren da na gano nakan rubuta shi da kaina, dalla-dalla, ba wanda ya taɓa kuka da ni. To, wata uku da suka wuce aka ɗauko wata yarinya, Ramla, 'yar masu kanti a babbar kasuwa. Ta zauna ta tsara wani fom a kwamfuta. Da ka buɗe shi, kwanan wata da sunanka da lambar manhajar su cika kansu. Kai dai ka rubuta abin da ka gwada, ka zaɓi "ya yi" ko "bai yi ba".

Shef, shugabanmu a wurin aiki, ya tara mu ya ce daga yau ba wani rahoto sai a kansa. Har ya ɗaga ɗaya daga cikin nawa a gaban mutane ya ce, "Malam Kalli, wannan ai huɗuba ce." Aka yi dariya. Ita ma ta yi, tana rufe baki.

An ce ita za a tura kwas Yamai. Ni ko Maine da ke nan kusa ba a taɓa tura ni ba.

Ƙanenki,
Kalli

Damagaram, 18 ga Satumba

Kalli,

Muna lafiya, yara na gaishe ka.

Na karanta takardarka sau biyu ina neman laifin yarinyar nan, ban samu ba. Dariyar ce ta yi maka ciwo, na sani, tun kana ƙarami ba ka jure ta. Amma fom ɗin yana aiki ko ba ya yi? Wannan ba ka faɗa ba.

Ka gaishe da Kawu Alkali idan ka leƙa Chétimari.

Yayarka,
Falmata

Diffa, 4 ga Oktoba

Yaya Falmata,

Bayan gaisuwa. Yana aiki, tunda kin matsa. Aikin kwana uku yanzu a yini ɗaya ake gama shi, masu gyaran manhajar sai sa mata albarka suke yi.

Amma na ga wani abu. Babu layin da za a rubuta irin salular da aka yi gwaji da ita. Saboda haka kowa na ɗaukar manyan wayoyin buro, wato na ofis, ya gwada, ya zaɓi "ya yi". Manomanmu kuwa ƙananan masu madanni gare su. Na gwada da tsohuwar tawa, sabon saƙon yankewa yake yi a tsakiya, ranar ba ta fitowa.

Ban faɗa ba tukuna. Akwai taro ƙarshen wata, baƙi za su zo daga Yamai. A can zan ɗaga hannu, mu ga wanda zai yi dariya.

Naki,
Kalli

Damagaram, 21 ga Oktoba

Kalli,

Sallama. Na kira ka sau huɗu ba ka ɗauka ba, shi ya sa na ba direba wannan.

Takardarka ta daɗe a hanya, sai jiya ta iso, bayan na riga na yi magana da Kawu Alkali. Ruwa ya shiga gonarsa ranar Laraba. Injin ban-ruwan ya tafi, rabin tattasan ya kwanta. Ya ce saƙo ya zo masa, "Ku janye injina kafin ranar", sai ya tsaya nan. Ya ɗauka akwai sauran lokaci. Ya ce mini, "Ai da abin na kusa ne, da Kalli ya kira ni."

Bai san abin da ke cikin takardarka ba tukuna. Ka rubuto mini abin da ake ciki.

Falmata

Diffa, 27 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa. Manoma goma sha ɗaya abin ya shafa. Da aka gano babu layin salula a fom ɗin, shef ya ɗora wa Ramla laifin duka, ya soke tafiyarta. Ba ta yi musu ba. Ta zo teburina idanunta jajir ta ce, "Malam Kalli, kai ka daɗe a nan, don Allah duba mini me kuma na manta."

Abin da na yi wata biyu ina so ke nan, Yaya. Amma na bar shayin da ke gabana ya huce, ban sha ba.

Kalli

Diffa, 3 ga Nuwamba

Yaya Falmata,

Gaisuwa da fatan alheri.

Na faɗa wa shef, a gabanta, cewa na ga matsalar tun da wuri na ɓoye. An dakatar da ni wata ɗaya. An mayar mata da tafiyarta, Litinin za ta tashi. Da na gaishe ta a bakin ƙofa ta amsa, ba ta dube ni ba.

Asabar zan je Chétimari. Don Allah kada ki riga ni kiran Kawu. Bari ya ji daga bakina.

Ƙanenki,
Kalli