Yanar Idon Baba

Faskari, Satumba 1976

Zuwa ga ƙanwata Safara'u,

Gaisuwa mai yawa da fatan kun sha ruwa lafiya, ke da maigidan da yara a can Sabuwa. Bayan haka, kujerar Makka da na biya wa Baba ta fito. Abin da ke damuna shi ne yanar nan da ta rufe mashi idanu, ko fuskar mutum ba ya rarrabewa. Na kai shi asibitin ido, likita ya ce aiki ne mai sauƙi, mu dawo bayan Sallah a cire, a ba shi tabarau, ya tafi yana gani.

Amma muna komawa Kankara ya tubure. Wai an gaya mashi ƙwaƙule idon ake yi a aje cikin faranti, in an yi rashin sa'a a mayar wa mutum da na akuya. Tabarau kuwa ya ce cinye sauran ganin yake yi. Aikin gona na gwamnati ya riƙe ni nan. Ke yake jin maganarki, don Allah ki je ki lallashe shi.

Ki huta lafiya. Wanki,
Maharazu

Kankara, Oktoba 1976

Yaya Maharazu,

Ina gaishe ka, ina gaida matarka Adama. Na zo, kuma albishirinka! Baba yana gani!

Kada ka yi mani faɗa, tsaya ka ji. Lallashi kam na yi har bakina ya bushe, ya ce in zan ci gaba da zancen asibiti in kama hanyar Sabuwa. Ran kasuwa sai ga Goggo Mero ta shigo da wani baƙo mai aikin ido. Shi ba ya cire komai, tsinken ƙarfe yake sawa ta gefen ido ya tura yanar ta kwanta ciki. Na ce a jira ka, Goggo ta ce yaushe aka haife ni da zan hana ƙaninta magani.

Wallahi Yaya gabana aka yi na dama. Mutumin yana zare tsinken Baba ya ɗaga kai ya ce, “Safara'u, wannan zanen ai kore ne.” Na fashe da kuka. Ya fita tsakar gida ba sanda, yana ta yi mamu tsiya wai duk mun tsufa ba mu gaya mashi ba. Nan take ya ce a yi na hagun ma, don da ido biyu yake son ya kalli Ɗakin Allah. Aka yi.

Ja kaɗan idanun suka yi, Goggo tana ɗiga mashi ruwan tsimin da mutumin ya bari. Sai ka zo.

Ƙanwarka,
Safara'u

Faskari, Oktoba 1976

Safara'u,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarki. Na tambayi ma'aikacin asibitinmu, ya ce ganin nan na farko yaudara ne, sau da yawa ciwo ke biyo baya, kuma in ya cinye ido babu mai dawo da shi. Duka biyun, Safara'u? Ko ɗaya ba ku bar mamu ba? Ku daina ɗiga mashi komai. Ki sa shi mota yau ɗin nan, in tarbe ku Funtuwa. Ina mutumin yake?

Allah ya kyauta.
Maharazu

Kankara, Nuwamba 1976

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka daina tambayata mutumin, ya bi kasuwanni, wasu sun ce Pauwa, wasu Ketare.

Mota kuwa Baba ya ƙi shiga. Idanun sun kumbura, ruwa ke zuba, yana riƙe kai yana salati. Goggo ta ce zafin alamar magani na ci ne, wai ciwon ke fita. Na ɓoye kwalbar, ta zage ni tas, ta samo wata. Yanzu kumburin ya saɓe, ciwon ya lafa, kowa na ta barka. Ni ban yi barka ba, don baƙin idon ya koma fari fat. Tsoro nake ji, Yaya, kuma na rasa wanda zan gaya wa. Shi dai ya ce da sauƙi, ya hana a aiko maka.

Safara'u

Kankara, Nuwamba 1976

Zuwa ga ɗana Maharazu,

Gaisuwa da sa albarka. Kada ka bar aikinka ka taso. Na warke sarai, ina ganin komai, har ita mai rubuta wannan takarda ina kallonta. Ka zo ranar tafiya kawai ka raka ni jirgi. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Malam Nata'ala

Yaya, haka ya ce in rubuta, na rubuta. Amma tun da ya fara magana ƙyauren ɗaki yake fuskanta yana murmushi, ni kuwa ina zaune bayansa.