Shafin da Na Sa wa Rigar Kiyomi

Kurayyat, Jidda
Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayana Ubale,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Yaya Sadiyya da yara, da gwiwar nan taka da ke tashi in damina ta kama. Ni da maigidana Husaini jikinmu lafiya, alhamdu lillahi. Na rubuto ne ban aiko da murya a waya ba, don na san wayarka duk gidan ake saurarenta. Wata Hajiya 'yar Illela da ta gama umara za ta kawo maka. Ka karanta kai kaɗai.

Yaya, yau da safe a shago na gane abin da hannuna ya yi. Maha, yarinyar da ke kula da mu masu ɗinki, Bahausa ce haihuwar nan, ita ta jingina wayarta a jikin keken ɗinkina ta ce in kalli abin da ya faru jiya a wurin kokawa. Na ga wata ƙatuwar Ba'amurkiya ta ɗaga Kiyomi sama, ta juya ta kai ƙasa. Na ga hannunta a ƙugun yarinyar. Sai rigar ta tafi da hannun, jikin ya sulluɓe, Kiyomi ta sauka a kan wuyanta. Ba ta ƙara motsi ba. Ba'amurkiyar ba ta yi murna ba, durƙusawa ta yi tana ihu a kawo likita. Na ce da Maha, ba ita ta kayar da ita ba, kukan me take yi? Maha, da ke kirana Khala, wato gwaggo, ta ce, "Ya Khala, wannan ba faɗa ba ne, ya'ni wasa ne da suka shirya tare. Wadda ta ɗaga ki ita ce ke tsare miki kai. In hannunta ya zame, halas, shi ke nan."

Na ce ta maimaita mini bidiyon. Ta maimaita sau uku, a hankali. Daidai wurin da hannun ya zame, ni na ɗinka shi.

Bari in koma baya don ka fahimta. Wani kamfanin kokawa na Amurka ya kawo wasa Jidda, har da mata. A nan ba a barin mata su hau dandali sai da riga mai rufe hannu da ƙafa. Jakar ɗaya daga cikinsu ta ɓata a jirgi, sai aka kawo ta shagonmu na Aziziyya ranar Alhamis a yi mata wata cikin gaggawa. Ita ce Kiyomi, 'yar Japan, a Amurka take sana'arta. Ni aka ba aikin.

Da na zagaya tef a ƙugunta, Yaya, awon Haifa ne, ko yatsa bai ƙaru ba. Wata bakwai ke nan da sikila ta ɗauke mini 'yata, amma hannuna bai manta awonta ba. Na juya baya na share ido. Yarinyar ta sunkuyar da kai irin gaisuwarsu, ta ce mini "Mama". Duk yatsunta a naɗe da filasta, ga tabon ɗinki a kafaɗa. Na ba ta dabino, ta karɓa da hannu biyu. Sannan ta nuna mini a waya matar da za su kara, sunanta Karla, ta kusa ninka ta biyu. Ta nuna mini yadda Karla ta taɓa jefa ta a kan teburi, tana nunawa tana dariya. Ni ban yi dariya ba.

Ka tuna lokacin da kake kokawa, yadda Inna ke jiƙa maka karkashi a ɓoye ka shafe jiki kafin ka fita fili, don hannun abokin karo ya kasa zama a jikinka? Shi ya faɗo mini a rai. Yadin da suka kawo mai ƙarfi ne, yana kama hannu. Na ɗinka rigar da shi yadda suka ce. Amma daga ciki, a ƙugu da cinya, na sa shafi na yadi mai santsi, irin wanda muke sa wa rigunan amare, ninki biyu, ban kama shi da na waje ba sai a bakin ɗinki. Na ce duk wanda ya damƙo ta, riga zai damƙa, ita ta zille. Ba wanda ya sa ni. Ranar Asabar da rana ta zo ta gwada, lokaci ya ƙure, ta shafa cikinta ta ce da laushi, ta rungume ni ta tafi. Na dawo gida ina jin daɗi, ina cewa na kare 'yar mutane.

Yanzu tana asibiti. Maha ta ce ba ta jin komai daga ƙirji zuwa ƙasa. Ban gaya wa kowa ba, ko Husaini. Ka yi mata addu'a, ka yi mini.

Ka gaida Yaya Sadiyya da yara, ka ce mata lallen da ta aiko ya iso.

Ƙanwarka,
Mastura

Kurayyat, Jidda
Ranar Alhamis

Yayana Ubale,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida mutanen gida, da fatan kowa lafiya. Hajiyar ba ta tashi ba tukuna, an ɗaga jirginsu, don haka wannan za ta zo maka tare da ta farko.

Kwana huɗu ke nan abinci ba ya wuce mini. Ranar Litinin wani mai suna Thamer, wanda ke yi wa kamfanin tafinta, ya zo shago da takarda a hannu. Ya ce Karla ta faɗa a wurin bincike cewa rigar ce ta motsa a ƙarƙashin hannunta, don haka suna tambayar wanda ya ɗinka. Abdulmohsen, mai shagon, wanda shi ne kafilina, wato da sunansa nake aiki a ƙasar nan, ya tare shi tun daga ƙofa. Ya ce yadinsu ne, awonsu ne, shagonsa bai ƙara ko zare ba. Ya juyo ya ce, "Sahih, ya Mastura? Ko ba haka ba?" Na gyaɗa kai. Da mutumin ya fita, Abdulmohsen ya ce duk wadda ta buɗe baki a kan maganar nan, ranar zai buga mata fita ba dawowa.

Ka san abin da hakan ke nufi. Iƙamata, takardar izinin zamana, a hannunsa take. Shekara ashirin da ɗaya Husaini yana tuƙa motar ɗaga kaya a Madinar Masana'antu, ban san ko abin zai shafe shi ba. Ban sani ba ko kora ce kawai, ko sai an fara kulle ni. Kuma Haifa a ƙasar nan take kwance. Ko kabarinta ban iya nuna maka ba, a nan ba a sa suna, amma in motar shago ta bi ta gefen katangar maƙabartar ina yi mata sallama. In aka sa ni a jirgi, shi ke nan.

Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai in leƙa ta taga. Jiya mai kawo tukunyar gas ya buga ƙofa, na tsaya a bayan labule na kasa amsawa har ya gaji ya tafi. Husaini yana zaton tunanin Haifa ne ya dawo mini, ya sayo mini rumman ya ɓare da hannunsa. Na ci don kada ya tambaya.

Yau Maha ta kawo labari. Ashe a asibiti da almakashi aka yanke rigar daga jikinta, aka zubar da ita tun ranar. Babu ita. Ba wanda zai ga shafin har abada. Na zaci zan ji sauƙi, Yaya, ban ji ba. Don Maha ta karanta mini abin da mutane ke rubutawa a kan Karla. Suna cewa da gangan ta yi, suna cewa ta ji kunya ta ɗora wa tsumma laifi, wasu har suna cewa sun san gidanta da makarantar 'yarta. Kamfanin ya dakatar da ita. Matar nan gaskiya ta faɗa, kuma duk duniya ni kaɗai na san haka.

Kai ka san kokawa, ka san hannu. Da kai ne aka ce ka karya abokinka da gangan, ya za ka yi? Ba amsa nake nema ba, na san ba za ta iso da wuri ba.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Mastura

Kurayyat, Jidda
Ranar Talata

Yayana Ubale,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata wannan ta same ku lafiya kamar yadda ta bar mu. Biyun farko sun riga sun tafi, wataƙila ma ka karanta. Wannan wani direba ɗan Sakkwato zan ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na gaya wa Husaini. Yana cin abinci, ya ajiye cokali. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da na fi jin daɗi. Abin da ya ce kawai, da Haifa ce a gadon nan, za mu so a gaya mana. Ya tashi ya wanke hannu bai ƙarasa ba.

Ranar Asabar na gaya wa Maha a ɗakin guga. Ta dafe kai ta ce, "Ya Allah, ya Khala, lesh? Wa ya aike ki?" Ta yi kuka, ta zage ni da Larabci, sannan ta ce in sa abayata, yalla, ita za ta yi mini tafinta, amma in Abdulmohsen ya ji ba ta san ni ba.

Jiya muka je asibitin. Mahaifiyar Kiyomi ta iso daga Japan, 'yar tsohuwa ƙarama, tana zaune a bakin gado tana matsa mata ƙafa, ƙafar da ba ta ji. An sa wa yarinyar wani ƙarfe da ya riƙe mata kai, ido kawai take juyawa. An yi mata aiki. Yatsu biyu na hannun dama sun fara motsi, likitoci sun ce a jira, ba su yi alkawarin komai ba. Kiyomi tana ganina ta gane ni, ta ce "Mama". Tsohuwar ta miƙe ta sunkuya mini har sau biyu, ta ba ni kujerarta. Yaya, da ƙasa ta buɗe da na shige.

Ban zauna ba. Na durƙusa inda idonta zai iya ganina, na faɗi komai, Maha tana juyawa da Turanci. Na faɗi shafin, na faɗi ninki biyun, na faɗi karkashin Inna, na faɗi Haifa. Na ce ban san riƙon da ake yi mata shi ne tsaronta ba. Na ce ban zo don ta yafe ba, na zo don ta sani.

Ta rufe ido. Hawaye ya gangara ya shiga kunnenta, ba ta da hannun sharewa, uwar ta share. Tsohuwar ba ta jin Turanci, sai kallonmu take ɗaya bayan ɗaya, har yanzu da sauran murmushi a fuskarta. Kiyomi ba ta fassara mata ba. Da ta buɗe ido ba ta kalle ni ba, sama ta kalla, ta yi magana a hankali. Maha ta ce cewa ta yi, shekara shida Karla tana ɗaga ta, ba ta taɓa sakinta ba ko sau ɗaya. Ta ce Karla ta kwana uku a ƙofar ɗakin nan ta kasa shigowa, sannan aka mayar da ita Amurka, kuma yanzu ita kanta ta fara yarda hannunta ne. Ta ce ba ita ke buƙatar jin wannan ba, Karla ce, kuma a gaban kamfani, a rubuce, don a mayar mata da sunanta. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ba ta sake ce mini Mama ba.

Hanya ɗaya ce zuwa ga Karla, ta ofishin Thamer. In na shiga can da safe, kafin azahar Abdulmohsen ya ji. Maha ta rubuta mini bayanin da Larabci da Turanci, na sa hannu. Husaini ya nemi izinin ranar Alhamis a wurin aiki don ya raka ni. Na haɗa kayan Haifa a akwati ɗaya na ajiye a bakin ƙofa, saboda in abin ya zo da sauri kada a bar su. Ina jin tsoro, Yaya, tsoron da ban ji ba ko ranar da aka fita da gawar Haifa. Yau da safe na sa mayafi in tafi ni kaɗai in huta da jira, na kai bakin titi na dawo.

In ka ji shiru daga gare ni, ka kira Husaini. In kuma ka ga na iso, ka sa a share ɗakin Inna. Ka gaida Yaya Sadiyya da yara, ka roƙa mini gafarar duk wanda na ɓata wa.

Kiyomi ta sani, Husaini ya sani, kai ma ka sani. Karla tana can tana zaton hannunta ne, kuma har yanzu ban gaya mata ba.

Ƙanwarka,
Mastura