Kirfar Kwalba da Kirfar Bayan Gida

Zuwa ga ƙanina Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a neman da kake yi. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da sandarta. Ƙaramar 'yata kuma ta fara haƙori, ta addabi kowa.

Kwalbar garin kirfa da ka aiko wa Inna ta iso, mun gode. Sai dai tun ranar ban sami sukuni ba. Ta ɗora ta a kan kabad kusa da hoton Baba, duk baƙon da ya shigo sai an sauko da ita ya sansana. Cewa take wannan ce kirfa ta gaske, mai sanyin ƙamshi, ba irin tamu mai kauri da yaji ba. A gabana take faɗa, Auta, ina tsugune ina kankare ɓawo. Kai ma ka san tun rasuwar Baba ni ke kula da itatuwan kirfarsa na bayan gida. Da damina in sare rassa lokacin da ɓawo ke saɓulewa, in kankare, in tsaga, in shanya a inuwa har ya naɗe. Farcena ya yi baƙi, babban yatsana duk tabon wuƙa ne. Da wannan kirfar tamu na saba haɗa wa Inna shayi kowace safiya, ban taɓa jin ta yaba ba. Kai kuwa kanti ka shiga ka nuna da yatsa, ga shi ana ta sa maka albarka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kwanan baya garin kirfar da ka aiko ya ƙare. Na tarar da Inna riƙe da kwalbar tana hawaye, ta ƙi shan shayi. Ban iya jurewa ba. Na zaɓo mafi siririn ɓawona, na daka, na tankaɗe, na cika kwalbar, na ce mata ragowar saƙonka ne da na ajiye. Da ta kurɓa sai ta lumshe ido, ta kira ni, wai in zo in ɗanɗana in ji yadda waɗanda suka iya aiki suke yi. Wallahi sai da na fita bayan gida na zauna a gindin itace, na rasa dariya zan yi ko kuka.

Abin bai tsaya nan ba. Ta kira Kawu ta ce a sare itatuwan nan, tunda kirfarsu ba ta da daraja, kai za ka aiko da irin taka a dasa. Kawu har ya yi magana da mai saran itace. Na roƙe ta, ta ce kishi ne ke damuna. Ban musa ba, kishinka nake yi. Na san an ce hassada ga mai rabo taki ce, to ga taki nan kyauta. Amma itatuwan Baba ba su yi laifin komai ba, kuma ba zan iya gaya mata gaskiya in kashe mata farin ciki ba. Don Allah ka kira ta ka ce a bar su. Taka take ji. In kuma za ka sake aiko da saƙo, ka turo kwalbar kawai, ni zan cika, kai ka sha albarkar.

Ka gaida matarka da tagwaye, da surukinka direba. Inna na gaishe ka, kamar kullum kafin kowa. Goggo da Kawu da mai gidana ma suna gaisuwa.

Taka har kullum,
Yayarka