Shayi Ne Ya Zube

Auta,

Na wuce wurin aiki, kina barci ban tashe ki ba. Katifar da za ki gani a rana ta Mama ce.

Da safe fitsari ya ƙwace mata kafin in iso. Ta yunƙura za ta tashi da kanta, ƙafar hagu ta ƙi ɗaukarta. A ƙasa na same ta, ta juye ragowar shayinta a kan zanin gado don kar in gane. Na wanke ta, na sauya mata kaya, ko kallona ba ta yi ba.

Na kira nas. Ta ce ciwon nan ne na jijiyoyi da ake kira em-es, ya kai ga mafitsara, saƙon ƙwaƙwalwa ba ya isa a kan lokaci. Gobe za ta zo. Ta ce kar mu bari Mama ta daina shan ruwa don tsoro, ga shi kofin da na ba ta ko taɓa shi ba ta yi ba. Ki lallashe ta ta sha, ki riƙa kai ta bayi ko ba ta nema ba.

Na san bakinki ba shi da linzami. Lokacin da kike fitsarin kwance, Mama ce ke ce wa Baba buta ce ta kife. In ta ce miki shayi ne ya zube, to shayi ne.

Yayarki