In Na Kammala Hujjar, Za A Daina Zuwa Zaurenmu

Assalamu alaikum Gwaggo Rahama. Ina gajiya, yaya aiki, yaya iyali? Don girman Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ke cina ba irin wanda ake kai wa dangi ba ne, don in na faɗa musu cewa za su yi boko ya taɓa min kai. Sai ki yi haƙuri da ni, sai na ɗan yi miki bayanin karatuna kafin ki gane inda ƙaiƙayin yake.

Ni 'yar Talata Mafara ce, ina karatun digiri na biyu a fannin kwamfuta. Yayana Jibrin ne ya sa ni a wannan hanya. Shi ya fara nuna min wani irin yaren rubuta manhaja wanda komai a cikinsa lissafi ne zalla: ka ba shi tambaya, ya mayar maka da amsa, ba ya taɓa komai a gefe, kuma ko yaushe ka maimaita tambayar amsar nan dai za ka samu. Yakan ce shi ya sa yake son yaren, wai ya fi mutane riƙon alkawari.

Shekarun baya akwai wata ƙungiyar manoman rani, mutanen Mafara da Bakura da wasu daga wajen Maradun, da gonakinsu ke shan ruwan kanal ɗaya, wato babbar magudanar ban-ruwa. Duk rani sai an yi rigima kan wa zai buɗe ruwa yau, wa zai jira. Na ƙarshen kanal su ce na farko sun shanye, na farko su ce ƙarya ne. Sai Yaya ya rubuta musu manhaja mai tsara rabon mako, tana duba girman gona, da abin da aka shuka, da wanda ya sha a makon jiya. Da farko dariya suka yi masa. Da suka ga ba ta san ɗan sarki ba, ba ta san surukin kowa ba, sai suka sallama. Rigima ta mutu.

Sai dai manhajar nan akwai nawa wajen aiki, Gwaggo. Duk gonar da ta zo kanta sai ta koma tun farko ta sake lissafa na baya, kamar tsohuwa mai ƙirga ƙwai. Shi kansa Yaya ya sani. A cikin rubutun, daidai inda take fara jan ƙafa, ya bar min saƙo: "Auta, in anka kawo nan, tashi ki aza muna shayi, shina daɗewa." Haka kuwa muke yi. Ranar Talata in an tashi kasuwa manoman su taru a zauren gidanmu, ni da shi muna ɗakin da ke jikin zauren, kwamfuta tana ta aikinta, yana tsokanata wai shayina ruwan wanke kofi ne.

Daminar bara zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin mu ankara Allah ya karɓi abinsa. Ba ni da bakin faɗin yadda gidanmu ya koma. Amma da rani ya zo, ranar Talata sai ga sallama a zaure. Na kunna kwamfutarsa don ta lissafa musu rabon. Ni da Innarmu muna jin su ta bango, suna hirar farashin albasa, can sai wani ya gaji ya ɗaga murya: "Wai mi ta Jibrin tac ce?" Haka suke kiran manhajar, ta Jibrin. Na ga Inna ta juya fuska tana gyara kallabi. Tun daga ranar, Talata ce kaɗai ranar da take dama fura da kanta ta aika zaure, ita ce kuma ranar da take cin abincin kirki.

To mutanen ƙungiya sun ƙaru, kwamfutar ta tsufa, wuta kuma sai a hankali. Ranin da ya wuce akwai makon da batir ya mutu aiki bai ƙare ba, aka kwana ba rabo, wani bawan Allah na ƙarshen kanal yabanyar albasarsa ta ƙone. Ga hanya, kin san yadda take yanzu. Masu zuwa daga wajen Faru sai sun yi addu'a sun ƙara kafin su hau babur. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Ɗan Asabe, ya roƙe ni in yi musu wadda za ta zauna a wayar sakatarensu, ta tura wa kowa rabonsa yana gida. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada ta saɓa wa ta Jibrin ko a gona ɗaya, don ranar da wani ya ga ya koma baya a sabuwa, rigimar da aka binne za ta tashi.

Na rubuta sabuwar. Ita ba ta komawa baya, tana tafe da abin da ta riga ta lissafa a hannu, kafin ka ɗaga kofi ta gama. Malamina ya ce wannan shi ne aikin digirina: in kafa hujjar lissafi cewa tsohuwar da sabuwar abu ɗaya ne. Gwaji bai isa ba. Ko na gwada su a kan duk rabon da aka taɓa yi suka dace, gobe wani tsarin gonaki na iya zuwa da zai raba su. Hujja ita ce a nuna cewa duk abin da aka ba su, duk inda aka cire ɗaya aka sa ɗaya, babu mai iya gane an canza. Yadda ake yi, sai ka nuna sun dace in babu gona ko ɗaya, sannan ka nuna in sun dace a kan wasu gonaki, to ko an ƙara ɗaya za su dace. Daga nan magana ta ƙare, ko gonakin sun kai nawa.

Na yi duk wannan, saura gaɓa ɗaya: in nuna cewa abin da sabuwar ke riƙe da shi a kowane mataki shi ne daidai abin da tsohuwar za ta samu in ta koma ta sake ƙirgawa. Na daɗe ina fama da ita da gaske. To ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Gwaggo: na gano ta tun kafin a fara girbin gero. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa ta faɗo min, sarai, ba ko ƙura. Maimakon murna sai na ci gaba da tsintar shinkafata kamar ba ta zo ba. Har yau ban rubuta ta ba. Malamina in ya kira sai in ce wurin ya cije. Alhaji in ya aiko sai in ce ana kan aiki.

Abin da ke min ciwo, hujjar gaskiya take faɗa, amma ba ta ganin abin da ni nake gani. A wurinta amsa kawai ake dubawa. Jiran ba komai ba ne, saƙon shayin ba komai ba ne, sunayen ban dariya da ya raɗa wa sassan manhajar duk ana iya goge su ba abin da ya ragu. Da hannuna zan rubuta cewa in an cire Yaya an sa ni, babu wanda zai lura. Ni kuwa kullum sai na lura.

Na san za ki ce in ajiye kwafin tsohuwar. Na ajiye, har wuri uku. Amma abin da ba mai bukatarsa, ai ya zama rigar mamaci a cikin akwati. Ranar da rabo ya koma waya ba mai sake yin sallama a zaurenmu ranar Talata, ba mai sake kiran sunansa da ƙarfi har Inna ta ji. Ina kewarsa, Gwaggo, kewar da ban san inda zan ajiye ta ba. Wani lokaci ina kunna tsohuwar ba don kowa ba, in zauna kawai ina jiranta ta gama.

Ga rani ya ƙarato, an fara gyaran kanal. In rubuta in rufe wa Inna Talatarta, ko in ci gaba da cewa ya cije? Ban taɓa gaya mata komai ba.

Taki,
Autar gida, daga Talata Mafara

*

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya jiƙan Jibrin, ya sa aljanna ce makomarsa, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Karatu bai taɓa miki kai ba. Kewa ce, kuma kowa da inda tasa ke maƙalewa. Wata tana riƙe da hula, wata da lambar wayar da ba za a ƙara ɗagawa ba, ke kuma da jiran kwamfuta. Ban san lissafinku ba, amma kin yi bayani har ni tsohuwa na gane, kuma na ga abin da kike tsoro ba ƙarami ba ne. Zaure mai sallama ya fi zaure shiru, uwa mai cin abinci ta fi wadda ke juya tuwo a kwano. Ba zan ce miki ba za a yi rashi ba. Za a yi.

To amma mu auna ɗaya gefen. Ke da bakinki kika ce yabanyar wani ta ƙone, kuma kika ce mutane na hawa hanyar da ake jin tsoro saboda rabon da kina iya tura musu suna gida. Waɗannan ma suna da iyaye mata masu kasa kunne su ji ƙarar babur. In wani abu ya sami ɗayansu wata Talata, Allah ya kiyaye, alhali amsar tana cikin kanki tun kaka, wannan nauyin ya fi wanda kike ɗauke da shi yanzu nesa ba kusa ba. Nan ne ma'aunin ya rinjaya, kuma ina jin kin sani, shi ya sa kika rubuto.

Sannan kin ɗora wa hujjarki maganar da ba ta yi ba. Ba ta ce an cire yayanki an sa ki ba. Cewa ta yi hukuncin da ke cikin sabuwar nasa ne, ƙwaya ɗaya bai canza ba. Tsohuwar kwamfutar nan wata rana za ta ƙi tashi, ko kin so ko ba ki so ba. In ta mutu ba hujja, adalcin da ya shimfiɗa wa manoman nan ya bi ta, sai a koma 'yar gidan jiya. In kuwa da hujja, duk wanda ya yi gardama za a iya ce masa wannan rabon Jibrin ne, ga shaida. Ilimi mai amfani yana cikin abin da ladansa ke bin mutum har kabari, kuma ke ce kika tsaya a ƙofa.

Ki fara da malaminki. Ki ce masa kin gano gaɓar tuntuni, zuciya ce ta hana ki rubutawa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma duk malamin kirki zai fi son jin wannan da ya ci gaba da neman miki mafita a inda babu matsala.

Daga nan sai Inna. Nan ne zan ɗan ja miki kunne, ɗiyata. Kin yanke mata hukunci ba ki tambaye ta ba. Matar da ta binne ɗa ta fi ƙarfin yadda kike zato. Ki zauna ki gaya mata duka, har da albasar da ta ƙone, har da hanyar Faru. Wataƙila ta yi kuka, ke ma ki yi, dama kukan nan kun daɗe kuna ɓoye wa juna shi. Amma zan yi mamaki in ta yarda a sa ɗan wata a hanya don ita ta ji sunan nata.

Shi kuma Alhaji Ɗan Asabe ki roƙe shi alfarma biyu, ba na jin zai ƙi. Sabuwar ta ci gaba da amsa sunan Jibrin, a kan wayar da kuma a bakin mutane. Sannan taron buɗe noman rani na kowace shekara a riƙa yinsa a zaurenku, a yi masa addu'a kafin a saki ruwa. Waɗanda kasuwa ke kawowa Mafara kuwa, mai zumunci zai leƙo ya gaida Inna ko ba rabo. Ba za su kai na da yawa ba, kada ki yaudari kanki. Amma wanda ya zo, don ku ya zo.

Ranar da za ki rubuta gaɓar ƙarshen nan kada ki kulle kanki a ɗaki. Ki fito da kwamfutar tsakar gida da hantsi, Inna na kusa, ki yi bisimilla ki rubuta. In kin sa aya, ki gaya mata aikin ɗanta ya tsira. Ki yi shi kafin ruwa ya shiga kanal, don kada Talatar farko ta rani ta sami wani a kan babur saboda ke.

Allah ya ba ki nasara a karatunki, ya sanyaya zuciyarki da ta mahaifiyarki, ya kai kowa gidansa lafiya.

Gwaggo Rahama