Rami na Uku

Asabar, 3 ga Oktoba, 1992

Na dafa tsirkiyoyin bes ɗina yau, doguwar jitar nan mai kaurin murya. Karo na shida ke nan ga waɗannan. Duk faɗin Birnin Kebbi babu mai sayar da tsirkiyar jita, balle ta bes mai kauri, sai an yi saƙo Kaduna ko Legas. To in gumi da dauɗa suka kashe musu murya sai in kwance su, in naɗe, in jefa a tukunya su tafasa, in shanya a igiya. Muryar takan dawo ta yi mako biyu ko uku.

Matata Zuhura ta tsaya bakin madafa, hannu a ƙugu. "Baban Nuriyya, tukunyag ga hwa ta aurena ta. Shekara nawa tana dahuwar ƙarhe?" Na ce ƙarfen nan shi ke kawo abin da ake dafawa a sauran tukwanen. Ta juya ta tafi, ba don ta yarda ba.

Saura mako uku bikin gidan Alhaji Ja'afar mai shinkafa a Argungu. Shi ne babban wasanmu na bana.

Laraba, 7 ga Oktoba

Mujtaba ya kawo fiyano na lantarki, wani dogon akwati mai maɓallai.

Shekara goma sha huɗu muna tare da mutumin nan, tun muna kiɗa a otal a Sakkwato, shi waƙa da ƙaramar jita, ni bes a bayansa. Bara da aka ba mu jiha shi ya ce mu tattara mu dawo gida, sabuwar jiha sai da kiɗan zamani. Na biyo shi, na buɗe rumfar gyaran rediyo a Nasarawa don kada mu ci iska. Kayan sauti duk nasa ne, ban taɓa musun wannan ba.

Fiyanon ya zo da mai kaɗa shi. Arzika sunansa, mai buga tafireta a sakatariya, magidanci mai ladabi har ya yi yawa. Ya danna maɓalli ɗaya, sai ga ganga. Ya ɗora yatsa ɗaya na hagu, sai ga bes yana tafiya shi kaɗai. Bes! Ba hannu, ba gumi.

Baba Hodi mai kalangunmu ya leƙa ƙarƙashin abin ya ce, "Wanga ba shi gajiya?" Mujtaba ya ce, "Ba shi gajiya, Baba, ba shi kuma cin tuwo." Aka yi dariya. Har da ni, wawa.

Sai a hanyar gida na tuna. Amfilifayarmu, na'urar ƙara sauti, ramin soka waya uku gare ta. Makirfo, jitar Mujtaba, bes. Fiyano kuma sai an soka shi.

Asabar, 10 ga Oktoba

Gwaji. Mujtaba ya zare wayata daga rami na uku, wai na ɗan lokaci, mu ji yadda abin zai fita. Ɗan lokacin ya kai awa biyu. Na zauna kan benci da bes a cinya kamar mai renon ɗan wani.

Jitarsa da ke ɓata rabin kowace waƙa, ita raminta na nan ba a taɓa ba.

Talata, 13 ga Oktoba

Mujtaba bai zo ba. Ban je ba.

Juma'a, 16 ga Oktoba

Bayan an sauko masallaci na tsaya da Baba Hodi a gindin dogon yaro. Ban ɗauko zancen ba, shi ya ɗauko. "Bari mu kai Argungu. In ga yadda akwatin nan za shi yi da Baiwa."

Gaskiyarsa. Goggo Baiwa yayar Alhaji Ja'afar ce, ta haura saba'in, kuma a duk bikin gidansu ita ke buɗe shigar iyaye bayan la'asar. Rawar tsofaffi ce, kuma ƙa'idarta ba a rubuta ta ko'ina ba: makaɗi ke bin ƙafar mai rawa, mai rawa ba ta bin makaɗi. Ta taka a hankali, mu sauka. Ta tsaya gaisawa da surukai, mu riƙe mata kiɗan a wuri ɗaya har ta gama. Ta ga dama ta zabura, mu zabura. Biki biyar na yi wa gidan nan tun muna Sakkwato, ban taɓa ɗaga ido daga ƙafarta ta dama ba. Layin bes na kiɗan ma, wato zubin sautin da nake bi, ni na ƙaga shi, a kan takunta na auna shi, da ɗan ɗingishin da take yi.

Ta taɓa ce mini, "Kalilu, sauran ina jinsu ga kunne, kai ga ƙirji ni ka jinka." Ban taɓa faɗa wa kowa ba. A wannan sana'a ba a yabon mai bes, sai ranar da ya yi kuskure ake sanin yana wurin.

Na dawo gida da ɗan ƙarfin gwiwa.

Litinin, 19 ga Oktoba

Mujtaba ya zo rumfa da kansa, ya zauna kan kwalin tsohuwar rediyo. "Kana tahiya da mu Assabar. Alhaji ya ce dole shi ga mai doguwar jitan nan." Na yi kamar ina neman sukurudireba don kada ya ga fuskata.

Na ce ramin fa? Ya ce a bar masa wannan, ya san yadda zai yi.

Na ji daɗi. In rubuta gaskiya tunda ba mai karantawa: na ji daɗi har na saya wa Nuriyya rake a hanya.

Alhamis, 22 ga Oktoba

Na sake dafa tsirkiyoyin, karo na bakwai. Siririyar ta fara tsatsa wajen wuya, na shafa mata man keke, Allah ya sa ta kai. Da na ɗaura na ja babbar, har kwanukan Zuhura suka amsa a kan kantar ɗaki. Ta goge mini shuɗiyar riga ba tare da na roƙa ba.

Lahadi, 25 ga Oktoba

Jiya ban iya riƙe biro ba.

Mun isa Argungu da azahar a bayan akori-kura. An kafa rumfa a ƙofar gida, tabarmi ko'ina, mata maƙil, ƙamshin soyayyen kifi har titi. Muka sauke kaya, aka tada janareta. Na miƙa wa Mujtaba bakin wayata don ya soka. Ya karɓa, ya zagaya bayan amfilifaya, ya cusa ta ƙarƙashi, ya ɗauko rabin bulo ya danne don kada ta zamo a gani.

"Kai dai riƙa motsa hannu. Babu mai ganewa."

Na ce, Mujtaba, ni? Ni za ka yi wa haka?

"Ramu ukku na, Kalilu. Ni na ƙera ta? Alhaji ganinka shi ka so ga hoto, ga ka kuwa."

A nan ya kamata in ajiye bes in nufi tasha. Na san haka tun a lokacin. Amma ga mata sun zuba ido, ga mai hoto ya kafa ƙafafun na'urarsa, ga rigar da matata ta goge. Na rataya bes na tsaya.

Kuma na kaɗa. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ba motsa hannu na yi ba, kowane sauti sai da na danna shi a gurbinsa. Tsirkiyoyin sun dahu da kyau, ina jin su suna rawa ƙarƙashin yatsuna, ba abin da ke fita sai ƙas-ƙas ɗin ƙarfe a kan itace, shi ma ni kaɗai ke ji. Daga lasifika kuma bes ɗin akwati na ta tafiya sumul, ba ya numfashi.

Bayan la'asar aka buɗe fili, aka yi guɗa, Goggo Baiwa ta fito da zane mai ruwan ƙasa da sandarta a hannun wata jikarta. Ta ɗaga ƙafa a hankali yadda ta saba. Akwati bai san da ita ba, ya ci gaba da gudunsa. Baba Hodi ya sauka ya bi ta, sai kiɗa ya rabu biyu, kalangu gabas, akwati yamma. Mujtaba ya juyo ya harare shi, tsohon ya sunkuyar da kai ya koma bin akwati.

Ni na bi ta. Ni kaɗai, ba murya.

Ta gwada taku uku tana neman kamo kiɗan. Tsohuwa irin wannan tana bin kiɗa da gudu a gaban surukanta. Ɗankwalinta ya zame, wasu 'yan mata a gefe suka fashe da dariya. Ta tsaya cak. Ta tako har gabana, tana haki.

"Kalilu, hannunka na bisa ƙahwata, ina gani. To ina muryar?"

Ta bi wayar da ido daga jikin bes, ƙasa, kan tabarma, har gindin bulon. Ta daɗe tana kallon bulon nan. Sannan ta dube ni.

"Kai ma ka yarda anka yi maka haka?"

Ta koma ta zauna, ba ta sake tashi ba. Da na so a ce biki ya watse a nan, a ce Alhaji ya fito yana faɗa. Ina! Samari da 'yan mata suka cika filin, akwati ya ba su abin da suke so, aka yi ta rawa har kiran magariba. Ba mu taɓa wasan da aka yaba irin na jiya ba.

A mota Arzika ya riƙa matsawa yana ba ni wuri, kamar wuri ne na rasa.

Litinin, 26 ga Oktoba

Zuhura ta tambaya yadda aka yi. Na ce lafiya lau.

Asabar, 31 ga Oktoba

Wani direban Argungu ya kawo rediyon motarsa gyara. Yana ganina ya washe baki. "Kai na mai bes na gidan Alhaji! Wallahi ban taɓa jin hannunka ya yi daɗi awa na rannan ba." Na ce na gode. Me zan ce?

Na aika wa Mujtaba cewa kada ya sake sa ni a lissafin tafiya. Amsar da ta dawo: to, Allah ya sa haka ya fi alheri. Shekara goma sha huɗu, ko tattaki bai yi ba.

Bes na jingine bayan ƙofa. Na juya fuskarsa bango.

Alhamis, 5 ga Nuwamba

Arzika ya zo da adaftar da ke ba fiyano wuta, ta ƙone. A garin nan ni kaɗai ke iya gyara ta, shi ya sani, ni na sani. Ya tsuguna bakin rumfa, ya ƙi hawa benci.

Ina aiki yana magana ƙasa-ƙasa. Wai tun ranar nan tsohuwar ba ta fita ransa ba. Wai ana iya kashe gangar akwatin da bes ɗinsa, mutum ya kaɗa bes da hannun hagu da kansa, sai dai bai san inda zai sa yatsun ba. Wai wata mai zuwa Goggo Baiwa za ta aurar da wata jikar a Gulma, kuma an riga an kira su. "Yaya Kalilu, da ka gwada min ko kiɗin iyaye kaɗai."

Na ce in haƙa maka rijiya, in ba ka guga, in kuma ja maka ruwan? Na miƙa masa adaftarsa. Ya yi godiya sau uku. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

Lahadi, 8 ga Nuwamba

Na je unguwar Badariya kai wa wani malamin makaranta rediyonsa, ashe suna ake yi a layin, kuma su Mujtaba ne ke wasa. Ban matsa ba, na tsaya bayan katanga.

Arzika ya kashe gangar akwatin. Yana lalube da hannun hagu, yana neman layina na shigar iyaye. Ya samo farkon. A wurin da ya kamata ya sauka ƙasa ya jira ƙafar dama, sai ya hau sama. Kowane zagaye sai ya hau sama. Baba Hodi na ta jan shi da kalangu, shi bai gane ba.

Sau tara na ƙirga. Na tarar da yatsuna suna gyara masa a jikin rediyon mutane.

Abincin rana bai shiga ba.

Asabar, 14 ga Nuwamba

Na je gidan Arzika da hantsi. Wata waya ce ta Mujtaba ta kwana biyu a jakata, na ga gara in ba shi ya kai masa. Shi ke nan abin da ya kai ni.

Na tarar yana gwaji a zaure. Ban zauna ba da farko. Na dai ce masa ƙaramin yatsa ke sauka a nan, ba babba ba. Sai na ga yana kallon maɓallai, na ce wa ya ce maka a nan kiɗan yake? Na tuɓe takalmi na taka masa takun Goggo Baiwa a tsakar zauren, da ɗingishin da komai, na ce ƙafar dama za ka duba, in ta tsaya ka tsaya, ko Mujtaba zai mutu da harara. Matarsa ta leƙo ta gan ni ina rawar tsofaffi, ta koma da sauri. Sai da aka kira azahar na ankara.

Ba koya masa na yi ba. Gyara ne. Kada a sake yi wa tsohuwar nan dariya a Gulma, iyakar abin ke nan. Hannunsa na hagu ba laifi, in ya daina tsoro. Na ce ya zo rumfa ran Talata, akwai wuri ɗaya da bai zauna ba.

Tsirkiyoyin sun wuce lokacin dahuwa da kwana biyu. Na gani da safe, na wuce.

Da na dawo Zuhura ta yi miyar kifi, a tukunyar nan. Ta ajiye mini, ta koma gefe tana satar kallona ko zan yi magana. Babu ɗanɗanon ƙarfe ko kaɗan.

Na nemi ƙari.